Turken da Maharazu Ya Binne a Apo

Maharazu bai shigo Abuja da mugunta ba, wannan kam a yi masa adalci. Daga wani ƙauye ta wajen Malumfashi ya taso da 'yar jakar leda da takalmin roba, Allah ya haɗa shi da Alhaji Bello, wani Bakano mai sayar da tayoyin mota a kasuwar makanikai ta Apo. Nan ya yi shekara da shekaru yana sauke taya, yana mirgina taya, yana share shago.

Su Alhaji Bello 'yan kasuwar dauri ne, kuma suna da al'adarsu. In mutum ya yi maka aiki da amana har ka ga ya san kan ciniki, sai ka yaye shi. Ka yanki wani abu daga jarinka ka ba shi, ka nema masa rumfa, ka riƙe hannunsa ka kai shi wurin manyan dillalai ka ce, wannan nawa ne. Daga ranar ya zama mai cin gashin kansa, shi ma gobe ya yaye wani. Kusan rabin shagunan layin 'yan taya daga hannun Alhaji Bello suka fito. Shi ya sa har furfura ta cinye masa gemu bai rabu da tsohuwar motarsa mai tari ba.

Da lokacin Maharazu ya yi aka yaye shi, aka yi addu'a, aka raba dabino. Ya buɗe ɗan shagonsa, ya aika gida aka turo masa Salisu, abokinsa tun suna kiwon awaki, ya zama mai taimaka masa. Ciniki yana tafiya a hankali, ana ci ana sha, ba yabo ba fallasa. Da wani ne, da ya gode Allah. Amma Maharazu a Mpape yake haya da matarsa Kubra da ɗansu tilo Abdulbasit, kuma Mpape unguwa ce a kan tudu mai mugun tsayi. Daga ƙofar ɗakinsa, in ya tsallake kwata ya ɗaga kai, ga rufin gidajen Maitama can ƙasa suna ƙyalli. Kullum da safe sai ya kalle su kafin ya wanke fuska.

Abin da ya ƙarasa shi, wata rana ya kai tayoyi wani gida a Maitama. Aka bar shi a bakin get cikin rana, har wani mai aiki ya wuce da kwanon nama yana tururi. Maharazu ya ce wa maigadi, "Yau ana shagali ke nan?" Maigadin ya ce, "Wane shagali? Na kare ne." Naman da ke cikin kwanon nan bai shiga tukunyar Kubra ba tun babbar Sallah. Ya koma Apo zuciyarsa na tafasa, ya dubi Alhaji Bello yana tura motarsa don ta tashi, ya ji ya raina tsohon har cikin ransa. A bakin wani direban tanka mai bin hanyar Lokoja ya ji labarin wani boka da ake kira Ɗangoggo.

Da rana tsaka ya isa. An sauke shi bayan Abaji, ya bi wata 'yar turba ta cikin kunyoyin doya har inda gonaki suka ƙare. Daga nan kukan tsuntsu ya ɗauke. Ya tarar da wani fili a share tas, babu ko tsinke, ga bukka guda a gefe. Ba ƙoƙon kai, ba jan ƙyalle, ba ɗaya daga cikin abubuwan da ya zo yana tsoro. Turaku ne kawai, irin na ɗaure dabbobi, an kafa su layi-layi, kowanne da igiyarsa. Sai da ya matsa ya ga abin da ya sa gashin jikinsa ya miƙe. Igiyoyin a miƙe suke, sun ɗame kamar ana jan su, alhali babu komai a ƙarshensu. Ƙasar da ke kewaye da kowane turke ta tattake ta yi zobe, kuma in ka kasa kunne sai ka ji wani abu kamar haki.

Ɗangoggo ɗan ƙaramin tsoho ne, sanye da koɗaɗɗiyar rigar 'yan ƙwallo, yana ɓare gyaɗa a ƙofar bukka. Bai amsa sallama ba.

"Mai taya," in ji shi, "ka makara. Naman karen ne ya kawo ka?"

Maharazu ya tsuguna. Ya ce, "Baba, arziki nake so, irin wanda ba a jira. Amma tun yanzu in faɗa maka, ba zan ba da jinin matata ko ɗana ba."

Tsohon ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. "Jini! Wa ya ce maka jini? Wannan tsohon yayi ne, ɓarnar kaya ce. Manyan da ke zuwa nan daga garinku ba sa yanka kowa. Saurara. Ni ba na ƙera dukiya, babu mai ƙera ta. Kowa da rabonsa ya zo duniya. Abin da zan iya, in karkato maka da rabon wasu ya gangaro wurinka."

"Su wa?"

"Masu yi maka aiki. Zan ba ka turke ka binne a shagonka. Duk wanda ya zubar da gumi a kan aikinka ya ɗauru. Ka ciyar da shi abin da zai tashi gobe ya dawo, kada ka wuce haka. Sharaɗi ɗaya ne. Ba za ka taɓa yaye kowa ba."

Maharazu ya jira sauran. Da ya ji babu, sai ya ce, "Shi ke nan? Baba, wannan ai riba ce, ba sharaɗi ba."

"Haka kowa ke cewa."

"To iyalina fa?"

"Wanda bai yi maka aiki ba, ko ciwon kai ba zai same shi ba."

"Su kuma masu aikin, me zai same su?"

Ɗangoggo ya ɗago ya dube shi da wasu idanu farare kamar na dafaffen kifi. "Kana so ka sani da gaske, ko kana so ka ce ka tambaya?"

Maharazu ya sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba, kuma wallahi daga wannan shirun ya hallaka.

Tsohon ya miƙa masa fartanya ya sa shi haƙa rami a tsakiyar filin, cikin wannan rana mai narka kwalta. Yana haƙa, Ɗangoggo na tare gumin da ke ɗiga daga haɓarsa a cikin ƙoƙo. Da ƙoƙon ya yi rabi ya zuba gishiri da toka da gashin jelar jaki, ya dama, ya shafe wani baƙin turke na ƙirya da shi yana magana ƙasa-ƙasa cikin wani harshe. Nan take igiyoyin filin suka ɗauki rawa gaba ɗaya. Ya naɗe turken a buhu ya ce, "Ɗauki. Ka gama wahala, saura na wasu."

Ranar Lahadi da babu kowa a layin, Maharazu ya fasa simintin shagonsa, ya binne turken, ya shafe.

To, arziki ya zo, kuma bai zo da sallama ba. Kamfanonin gine-gine suka riƙa neman shagonsa kamar an aiko su. Kafin a ankara ya haɗe shagunan maƙwabta, ya fara shigo da kwantena da kansa, ya gina sito mai cin tirela. Ya je Makka ya dawo Alhaji. Ya bar Mpape ya sayi gida a Maitama mai get biyu, aka tura Abdulbasit karatu ƙasar waje. Da aiki ya yi yawa sai ya aika ƙauyensu, motoci suka riƙa kwaso masa magidanta da samari. A ƙauyen har addu'a ake yi masa a masallaci, wai ɗan halas bai manta da gida ba. Abu ɗaya ya tsare kamar ransa: Kubra da Abdulbasit ba sa taka kasuwa. Ko kwanon abinci bai yarda Kubra ta aika wa ma'aikata ba. Ta ɗauka gata ne.

Ma'aikatan kuwa, abin tausayi. Ba wai ba ya biyan su ba ne, yana biya, amma abin ba ya zama a hannu. Wanda ya sayi tunkiya ya aika gida, ta mutu a hanya. Wanda ya kafa tubalin ɗaki, ruwa ya cinye. Ba su da ciwon da likita zai gani, ramewa kawai suke yi, idanu na faɗawa. Abin mamaki kuma ba mai iya barin aikin. Mutum zai yi rantsuwa gobe zai koma gida, gari na wayewa ka gan shi a bakin sito tun kafin a buɗe.

Sauran 'yan kasuwa suka ga Maharazu yana karya farashi yana danne su, suka yi lissafi suka ce, ashe yaye mutane ne ke cinye mu. Ɗaya bayan ɗaya suka daina. Ba su je wurin kowane boka ba, kwaikwayo kawai suka yi. Aka wayi gari a layin 'yan taya ba a buɗe sabon shago, sai dai manya su haɗiye ƙanana.

Wata rana Salisu ya same shi a ofis. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, wuyansa kamar na angulu.

"Alhaji, wurinka na zo."

"Ina jin ka, Salisu."

"Tare muka fara shagon nan da taya 'yan ƙalilan. Yarana sun girma, ko ɗaki ban da shi. Ba na neman da yawa. Ko 'yar rumfa ce a bakin titi, ka yaye ni kamar yadda aka yaye ka."

Maharazu ya ji wani abu ya soke shi, don yana son Salisu, ba ƙarya ba. Amma ya dubi sanyin ofis ɗinsa ya ce, "Kasuwa ba daɗi yanzu. Ka ƙara haƙuri zuwa baɗi."

"Bara ma haka ka ce, Maharazu."

Rabon da wani ya kira shi da sunansa har ya manta. Ya ɗaure fuska ya ce, "In ka gaji, ga hanya."

Salisu ya yi wani murmushi mai ciwo. "Na gwada. Ƙafata ba ta zuwa." Ya sa hularsa ya koma bakin aiki.

Bai kai baɗin ba. Da azahar aka same shi zaune tsakanin tayoyin tirela, hannunsa ɗaya a kan taya kamar zai mirgina ta. Waɗanda suka ɗauki gawar sun ce ba ta fi nauyin damin kara ba. Bayansa wasu suka bi, ɗaya a kan tsani, ɗaya yana tsakiyar sauke kaya, kowa a bakin aiki. Motocin da suka kawo su da rai suka riƙa mayar da su a kwance.

Alhaji Bello ya zo gaisuwar Salisu yana dogara sanda. Da zai tafi ya ja Maharazu gefe ya ce, "Ban san abin da ka taka ba, kuma ba na son sani. Amma ni na san kasuwa. Mutanen da na yaye su ne suka sayi motoci, suka dawo suna sayen taya a wurina. Kai ka tsotse kowa. In ka gama tara duniya a sitonka, wa ya rage da zai saya?" Maharazu ya ce, "Allah ya ba da lada, Baba," ya sa direba ya mayar da tsohon gida.

Maganar ba ta faɗi ƙasa ba. Masu tasi da masu bas, waɗanda su ne ƙashin bayan ciniki, suka koma sayen tsofaffin tayoyi suna faci a kan faci. Masu manyan motocin Maitama kuwa nawa ne su, kuma taya nawa mutum ɗaya zai hau? Kaya suka fara jibgewa. Ƙauye ya daina turo mutane, don babu gidan da ba a yi zaman makoki ba. A Apo ma labari ya bazu. Nicholas, wani makanike da ya daɗe yana sayayya a wurinsa, ya faɗa masa ido da ido da irin Hausarsa: "Oga, ba vex, amma shago naka tana chop mutum. Ko leburan Mpape ba za ta zo ba."

Ana cikin haka Abdulbasit ya gama karatu ya dawo, saurayi mai hankali da kunya, abin son kowa. Shi ne abu ɗaya a duniya da Maharazu yake kallo ya ji kamar bai yi asara ba. Yaron ya lura uban ba ya barci, ya ji yana faɗa a waya cewa tirela ta iso babu masu saukewa. To ɗan kirki, ya ga ubansa cikin matsi, me zai yi? Bai yi shawara da kowa ba, don ya san za a hana shi. Da safe ya ɗauki mota ya tafi Apo.

Maharazu ya iso da hantsi ya tarar an buɗe tirela. Ga ɗansa ya tuɓe riga, taya a kafaɗa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa yana ɗiga a kan simintin sito.

"Abdulbasit! Ajiye! Ajiye ta!"

Yaron ya juyo yana dariya. "Haba Baba, aikin gidanmu ne fa. In ban taya ka ba, wa zan taya?"

Maharazu ya fizge tayar ya jefar, ya riƙa goge gumin yaron da babbar rigarsa kamar zautacce, mutane na kallo. Ina! Ƙasa ta riga ta sha.

Washegari Abdulbasit ya koma. Aka ɓoye makullin mota, ya tafi a ƙafa. Aka kulle get, sai ya ciro tayar ko-ta-kwana daga bayan mota ya fara mirgina ta a tsakar gida, daga wannan katanga zuwa waccan. Tun yana amsa magana har ya daina. Tafin hannunsa ya saɓule, bai tsaya ba. Aka kawo likitoci, aka kawo masu ruƙiyya, aka ɗaure shi a gado, hannuwansa suka ci gaba da tura iska. Kubra ta bi shi tana kuka da kwanon abinci har muryarta ta dushe. Rannan ta tare mijinta a falo ta ce, "Alhaji, ka dube ni. Tun muna Mpape ka hana mu taka kasuwa. Ka san wani abu. Me ka yi wa ɗana?" Da bakinsa ya ƙi buɗuwa, ta gane. Ta zauna a ƙasa, ta cire ɗankwali, ta fara yi wa Abdulbasit waƙar reno kamar jariri. Daga ranar ba ta sake sanin kowa ba.

Maharazu ya koma bayan Abaji a guje. Filin ya ninka faɗi, turaku har cikin gonar doya. Ya faɗi gaban Ɗangoggo yana cewa, "Ka cuce ni! Ka ce ba abin da zai sami iyalina!"

"Na ce wanda bai yi maka aiki ba."

"Ɗana ne! Ba ɗan aiki ba ne!"

"Turke bai san ɗa ba, gumi ya sani. Su waɗanda ka mayar ƙauye a kwance, daga itace suka faɗo?"

"To a kwance shi. Ko me kake so zan ba ka."

"Ni ba na son komai. Kai za ka kwance shi, kuma abu ne mai sauƙi. Ka yaye shi. Amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka, ba a kwance mutum ɗaya. Kowa ka mayar masa da rabonsa, mai rai a hannunsa, matacce a hannun 'ya'yansa. In ka gama ba za ka tsira da ko tabarma ba, amma ɗanka zai tashi."

"Yau zan yi."

Tsohon ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. "Duk waɗanda suka kafa turakun nan na faɗa musu haka. Ka ga wanda aka cire?"

Kuma fa da niyya ya taso, Allah ya sani. Amma tun kafin ya kai Gwagwalada waya ta shigo, wai kwantenoninsa sun iso Legas. Ya ce a ransa, bari su ƙaraso, sai a raba gaba ɗaya. Da suka ƙaraso ya ce bari a sayar tukuna, ai ba taya za a ba marayu ba. Ya fara tunanin ko gidan Maitama yana cikin abin da za a mayar, ko a bar shi saboda Kubra. Kullum zai leƙa ɗakin ɗansa, ya ga yaron ya zama ƙashi da fata, ya fito yana hawaye yana cewa gobe. Hawayen na gaske ne, goben ce ta ƙarya. Hannun da ya saba damƙa ya manta yadda ake buɗewa.

Ranar wata Juma'a, yana kan waya yana jayayya da wani dillali a kan farashi, mai aikin gida ta zo ta tsaya a kansa. Ya ɗaga mata hannu ta jira. Sai da ya gama cinikin sannan ya shiga ɗakin ɗansa. Hannuwan Abdulbasit sun daina motsi.

Bayan wannan komai ya zube da sauri. Dangin Kubra suka zo suka tafi da ita, har yau tana can tana reno ba jariri. Ragowar ma'aikatan suka mutu ɗai-ɗai. Kaya suka ƙi fita, rana ta busar da tayoyi suka tsattsage, masu bin sa bashi suka karɓe gidan Maitama da shagunan. Sito ɗaya aka bar masa, don ba wanda ya yarda ya saya. Da ya ga babu mai ɗaga masa ko taya ɗaya, sai ya tuɓe babbar riga ya sunkuya ya ɗauka da kansa.

Yana can har yanzu. Yakan kwashe ruɓaɓɓun tayoyi daga bangon gabas ya jera a na yamma, in ya gama ya mayar da su. Ba ya bara, ba ya magana, ba ya zama. Mutuwa ma ta ƙi zuwa da wuri, don shi kaɗai ya rage a igiyar, ana cin sa a hankali.

Kai mai ɗan shago da kake hangen na sama da kai har barci ya gagare ka, da kai mai babban sito da ka riƙe mutane suna tsufa a ƙarƙashinka, ku ji da kyau. Dukiyar da ake tarawa ta hanyar tsotse na ƙasa ba ta ƙoshi, kuma in ta gama da su ba wani wuri za ta je ba, gidanka za ta shigo. Kada ka ce ai ni ban je wurin boka ba. Yawancin masu yin haka yau ba su taɓa zuwa ba, kuma ba na ganin alamar za su daina. Ka sallami mutanenka da abin da za su tsaya da ƙafarsu tun hannunka yana iya buɗuwa. Maharazu an ba shi zaɓi tsakanin ɗansa da sitonsa, yana ji yana gani, kuma ɗan aka binne.